ZAUREN IYALI: A Ɗauki Hoton Tsohuwa Tun Tana Nan

 A wannan wata zancenmu a kan ɗaukar hoto ne. Ba muna nufin aikin mai shago wanda yake cin abinci da kyamara ba. Muna nufin irin wanda mutum yake yi don sha'awa, ran Asabar ko da yamma in ya taso daga aiki, kamar yadda wani yake kiwon tantabaru, wani kuma yake dashen furanni a tsakar gida.

Ga abin da ya sa muka ɗauko zancen. Ku shiga gidajenmu a Tambuwal ko a Kebbe, ku ce a nuna muku hoton kakar gidan. Sau da yawa sai a yi ta bincike a ƙarƙashin akwati, daga bisani a fito da ɗan fasfo wanda aka ɓamɓaro daga tsohon kati, hatimi ya rufe rabin fuska. Wani gidan ko wannan ma babu. Amma ku karɓi wayar saurayin gidan, za ku tarar da hotuna sun fi a ƙirga, yawancinsu na fuskarsa ne shi kaɗai. Ran da wayar ta faɗa rijiya, ko aka zare ta daga aljihu a kasuwa, shi ke nan, an yi biyu babu. A ganinmu kowane gida yana bukatar mutum ɗaya wanda zai ɗauki wannan abu da gaske, ya koyi yadda ake yinsa, ya kuma ga hoton ya sauka a kan takarda. Wanda ya fi dacewa da aikin kuwa shi ne ɗan gida. Gama in tsohuwa ta je shagon mai hoto, sai ta sandare kamar an kai ta gaban alƙali. Amma a gaban jikanta tana tsince wake tana dariya, wannan ce fuskar da za a so a tuna.

Kada kowa ya raina mai yin abu don sha'awa. J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda aka haifa a 1930 a ƙasar da take cikin Jihar Edo yanzu, ya sayi 'yar kyamarar akwati mai suna Brownie a 1950, wani maƙwabcinsa ne ya nuna masa yadda ake riƙe ta. Daga 1968 ya shiga ɗaukar hoton kitson matan Nijeriya, fari da baƙi, galibi daga ƙeya ko daga gefe, har ya tara wajen 1,000. An nuna su a babban bajekolin zane na birnin Banis a Italiya a 2013, shekara guda kafin rasuwarsa. Haka kuma Seydou Keïta na Bamako. Kawunsa ne ya ba shi Brownie a 1935 yana yaro. A 1948 ya buɗe wurin ɗaukar hoto a tsakar gidansu, fitilarsa ita ce rana, labulen da yake ratayawa a bayan mutane kuwa da farko shimfiɗar gadonsa ce. Ya kuma adana nagetif ɗinsa, bai zubar ba. Da aka nuna aikinsa a Faris a 1994 sai duniya ta san fuskokin mutanen Bamako na shekara 40 da suka wuce. Tsakar gida da zanen gado, wane gida ne a cikinmu ya rasa waɗannan?

Bari mu ɗan koma ga asalin abin, don wanda ya san dalili ya fi wanda ya haddace ƙa'ida. In ɗaki ya yi duhu ƙirin, aka bar ɗan rami kamar na allura a ƙyaure, siffar abin da yake waje za ta faɗo a bangon ciki, kai a ƙasa ƙafa a sama. Wani masani haifaffen Basra, Ibnul Haisam, ya yi bayanin wannan a Alƙahira shekara 1,000 da suka wuce. Ita kalmar kyamara ma asalinta ɗaki ne da Latinanci. Abin da ya rage shi ne yadda za a kama siffar kada ta gudu. A Faransa aka fara cin nasara, aka sanar da hanyar Daguerre ga jama'a a 1839. George Eastman na Amurka ya fito da Kodak a 1888, sa'an nan Brownie a 1900 a kan dala 1, daga nan ne talaka ya sami shiga. Mu malamai muna iya nuna wa yara wannan duka da gwangwanin Bournvita. A shafe cikinsa da baƙin fenti, a huda gindinsa da allura, a cire marfin a ɗaura farar leda mai shara-shara a bakin. Yaro ya lulluɓa da bargo ya duba ledar, sai ya ga itacen dogon yaro na makaranta a kife. Ihun da aji yake yi a ranar ya isa ladan wahalar.

To, me ya sa muke yabon fim, fari da baƙi kuma, a zamanin da kowa yake da waya? Dalili na fari shi ne daɗewa. Fim leda ce da aka shafa wa wani irin danƙo da ake samu daga ƙashi da fatar dabba, a cikin danƙon kuma akwai gishirin azurfa. Inda haske ya taɓa, in an wanke, sai gishirin ya koma azurfa baƙa. Watau hoton fari da baƙi na ainihi azurfa ce zalla a kan takarda. Hoto mai launi kuwa rini ne, rini kuma yana koɗewa. Shi ya sa za ku ga hoton auren da aka ɗauka a 1965 yana nan garau, amma mai launi na 1985 ya koma ja-ja kamar an jiƙa shi a ruwan goro. Dalili na biyu shi ne fim yana koya wa mutum tsimi. Ƙaramin fim mai faɗin milimita 35 hoto 24 ko 36 yake ci, babban nan mai lamba 120 kuwa 12 kawai in masu kusurwa huɗu daidai ne. Wanda ya san harbi 12 ne gare shi ba ya danna maɓalli sai ya duba bayan mutumin, ya ga ko akwai igiyar shanya da za ta fito kamar ta ratsa kunnensa. Dalili na uku kuwa ra'ayinmu ne, mai so ya yi gardama. In an cire launi, ido yana komawa kan fuska. Atamfa mai kyau takan saci hoto, har a manta da wadda ta ɗaura ta.

Kada a ce fim ya mutu. Gaskiya ne kamfanin Kodak ya daina yin Kodachrome a 2009, ya kuma shiga halin karayar arziki a 2012. Abin mamaki ma, wani injiniyansu ne, Steven Sasson, ya ƙera kyamarar farko marar fim a 1975. Amma har yanzu ana yin Tri-X na Kodak, kamfanin Ilford kuma yana yin HP5 da FP4 a Ingila. Matsalarmu a nan ita ce nisa da tsada. Sai an yi saƙo daga manyan birane ko daga waje. Shawara ita ce mutum uku ko huɗu su haɗa kuɗi su yi saƙo ɗaya, su raba fim da magungunan wanki. Kyamara kuwa, kafin a je saye a tambayi tsofaffin malamai da tsofaffin ma'aikatan asibiti. Akwai Yashica da Pentax da Zenit da yawa suna barci a cikin akwatuna. A buɗe bayanta a duba ta cikin haske, a danna a ga marfin ido yana buɗewa yana rufewa. In gilashin ya yi kamar saƙar gizo daga ciki, fumfuna ce, a bar ta.

Yanzu sai babbar magana, watau haske, gama a ƙasar Sakkwato rana ce abokiyar mai hoto, ita ce kuma abokiyar gabarsa. Abu biyu ne mai kyamara yake juyawa: faɗin ƙofar da haske yake shiga, da tsawon lokacin da ƙofar take buɗe. Lambobin ƙofa su ne 4, 5.6, 8, 11, 16, kuma babbar lamba ita ce ƙaramar ƙofa. Kowane mataki ɗaya da aka sauko, hasken da yake shiga ya ninka. Akwai tsohuwar ƙa'ida wadda ba ta bukatar batir. In rana ta take, a sa ƙofa a 16, a sa saurin marfi kusa da lambar da take jikin kwalin fim. Fim mai lamba 125, sauri 125. Fim mai lamba 400, sauri 500. In da gajimare a sauko 11 ko 8. A inuwa a sauko 5.6 ko 4.

Amma fa wannan ƙa'ida ba a gidanmu aka yanka mata rago ba. Ku tsai da dattijo baƙi da farar riga da farar hula a tsakar rana, kyamara mai auna haske da kanta za ta ga farin ya yi yawa, ta tsuke ido, sai riga ta fito da kowane zare na aska takwas, fuska kuwa ta zama kamar gindin tukunya. Ba laifin fuskar ba ne. Shekaru da yawa ma katin gwaji da Kodak yake aika wa masu wankin hoto mai launi hoton Baturiya ne, da fatarta ake daidaita injin. Maganin abin shi ne a auna fuska, a bar riga ta ji da kanta. A ƙara buɗe ƙofa mataki 1, wani lokaci 2. Mafi kyau kuma a guji tsakar rana sam, gama a lokacin hula da goshi suna jefa inuwa a kan idanu. Lokacin hoto shi ne daga fitowar rana zuwa hantsi, da kuma bayan la'asar. In tilas ne a ɗauka da rana, a zaunar da mutum a bakin ƙofar zaure, daga ciki kaɗan, yana fuskantar waje. Duhun zaure zai zama bango, hasken da yake tasowa daga ƙasa kuma zai cika fuska a hankali. Ba mu san ɗakin ɗaukar hoto da ya fi ƙofar zaure ba. In gefe ɗaya na fuska ya yi duhu, yaro ya riƙe farin zane daga wannan gefen ya maido da haske. Inuwar itace kuwa a yi hankali da ita, tana zuba wa fuska dabbare-dabbare.

Hazon hunturu yana tausasa haske ƙwarai, hotunan Disamba da Janairu sukan yi daɗin kallo. Amma ƙurar nan ita ce ajalin kyamara. A ajiye ta cikin leda, ledar cikin gwangwani mai marfi. Kada a goge gilashi da bakin riga, ƙurar yashi ce, tana karce shi. A hure tukuna.

Zafi shi ne abu na biyu. A Maris da Afrilu da Mayu zafinmu yakan wuce digiri 40, fim kuwa ba ya son haka, yakan yi dishi-dishi tun ba a ɗauka ba. Mai firiji ya sa a ciki. Wanda ba shi da shi ya tuna da dabarar Malam Mohammed Bah Abba na Jihar Jigawa, wanda ya sami lambar yabo ta Rolex saboda tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani. Abin da ya tsare tumatir zai tsare fim, muddin an rufe shi ruf a kwalba don kada laima ta shiga.

Wankin fim fari da baƙi ba ya bukatar lantarki, wannan ma wani abin yabo ne a inda wuta take zuwa kamar baƙuwa. Ana bukatar ɗan tulun roba mai marfi wanda haske ba ya shiga, da faifan naɗe fim, da ma'aunin zafi, da agogo, da magani iri biyu, na fito da hoto da na kafe shi. Duhu na minti kaɗan kawai ake so, lokacin naɗa fim a faifai. Da dare a rufe ɗaki, a shiga ƙarƙashin bargo biyu, a yi da lalube. In an rufe tulun sai a kunna fitila. Ana so ruwan magani ya kasance digiri 20. HP5 a cikin maganin ID-11 wanda ba a sirka ba minti 7 da rabi yake ɗauka a wannan sanyi. In ruwan ya fi haka ɗumi sai a rage lokaci, takardar da take cikin kwali tana nuna yawan ragin. Ruwan randa da asuba a watannin sanyi yakan zo kusa da abin da ake so, da bazara kuwa sai an nemi ƙanƙara. Abin kiyayewa shi ne dukan ruwayen su zama zafinsu ɗaya, gama in fim ya fita daga sanyi ya faɗa ɗumi farat ɗaya, danƙon yakan yamutse. Bayan maganin fari a ɗauraye da ruwa mai ɗan tsami, ruwan kal da aka sirka sosai ya isa, sa'an nan maganin kafewa kamar minti 5. Wajen ɗauraya ta ƙarshe kamfanin Ilford yana da hanya mai kyau ga masu jan ruwa a rijiya: a cika tulun a kifa shi a tashe shi sau 5 a zubar, a sake cikawa sau 10, a sake sau 20. A tace ruwan da tsumma mai tsabta tukuna. Kafin a shanya, a yayyafa wa daɓen ɗaki ruwa don ƙura ta kwanta, a rufe ƙofa, kada kowa ya shiga sai ya bushe. Magungunan nan ba na sha ba ne. Kada a zuba su a kwalbar lemo, kada kuma a ajiye inda yara suke kaiwa.

Wanda duk wannan ya fi ƙarfinsa, kada ya ce ba da shi ake ba. Ya mai da wayarsa fari da baƙi, ya yi wa kansa doka ta hoto 36 a wata, ya zaɓi 5 ya kai shago a buga masa. Bugun injin zamani rini ne ko tawada, ba zai kai na azurfa daɗewa ba, amma ya fi wanda yake cikin waya nesa ba kusa ba.

Me za a ɗauka? Bikin aure da Kirsimeti da taron Zumuntar Mata ba sa rasa mai ɗauka. Masu kyamara kuma sukan yi tururuwa zuwa bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, alhali a can ƙwararru sun fi ɗari, ba za a rasa hotonsa ba. Abin da ba mai ɗauka shi ne ranar Talata ta kullum. Inna tana daka. Baba yana ɗaure damin gero. Rumbun ƙasa mai hular ciyawa, wanda ɗakin kwano yake korarsa. Ayarin raƙuma da jakuna a hanyar kasuwar Tambuwal. Masu ban ruwan albasa a fadama, masunta da gorunansu a gulbi wajen Kebbe, maƙeri da ɗan zuga. Akwai kuma abu ɗaya da muke roƙo a gaggauta. Tsagar fuska tana ƙarewa. Dokar haƙƙin yara ta 2003 ta hana yi wa yaro, tun kafin dokar ma iyaye da yawa sun bari, mu ma ba mu ce a dawo da ita ba. Amma tsofaffin da suke ɗauke da askar Kabawa da ta Zamfarawa da ta Gobirawa, da ta 'yan'uwanmu da suka fito daga ƙasar Zuru, su ne na ƙarshe. Abin da Ojeikere ya yi wa kitso ba wanda ya hana ɗan Kebbe ya yi wa aska. Haske daga gefe ake so a nan, shi ne yake fito da kowane layi.

Sai dai a yi da ladabi. Fuskar mutum tasa ce. A yi sallama, a gaisa, a faɗi dalili, in an ce a'a a yi godiya a wuce. Maƙwabtanmu Musulmi da yawa ba sa son a ɗauki matan gidansu, waɗansu ma ba sa son hoto ko kaɗan, wannan kuwa hakkinsu ne. Ɗan wani ba a ɗaukarsa sai da izinin iyaye. A 'yan shekarun nan da sha'anin tsaro ya taɓarɓare a ƙauyukan wannan yanki, baƙon da aka gani yana auna kyamara ana iya ɗaukarsa ɗan leƙen asiri. Saboda haka a ƙauyen da ba naku ba a fara da gaida mai gari, a nemi ɗan gari ya yi rakiya. Shingen sojoji da ofishin 'yan sanda da gada, a sa kyamara a jaka. Wanda kuma aka ɗauka, a koma a kai masa nasa kofi. Yawancin masu ƙin hoto an taɓa ɗaukarsu ne ba su ga komai ba.

Saura ajiya. Gara da kyankyaso da laimar damina su ne masu cin hoto. A sa a akwatin ƙarfe, a ɗaga shi daga ƙasa, a sa farar takarda tsakanin hoto da hoto. Albam mai danƙo yana cin bayan hoto, a guje shi. Tsohon hoto kada a kai a manne shi cikin leda da zafin inji, in an yi ba ya ɓaruwa har abada. A sake ɗaukarsa da kyamara, a manne kofin in ana so. Nagetif kuma a ajiye shi a gidan wani ɗan'uwa dabam, don in gobara ko gudun hijira ta ci na nan, na can ya tsira. Waɗanda suka ga suna da hoton da ya shafi tarihin gari suna iya nuna shi ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ko Gidan Arewa a Kaduna.

A bayan kowane hoto a yi rubutu da fensir, ba da biro ba, gama tawadar biro takan ratso gaba. A rubuta gari, da rana da wata da shekara, da sunayen mutane daga hagu zuwa dama. A nan akwai wani tarko irin namu. Saboda kunya ba ma kiran sunan manya, har jikoki su girma ba su san kakarsu da wani suna ba sai Kaka, ko Iya, ko Gwaggo. A je wurin ƙanwarta ko tsohuwar ƙawarta a tambayo sunan yanka, da sunan mahaifinta, da garin da aka auro ta. A rubuta su duka, sa'an nan a ƙara da sunan da ake kiranta da shi a gida.